Ƙwace dukiya da sulhu a gaban alƙali: tambayoyin da mutanen Damagaram ke yawan yi

Mai gonar da ta daɗe a hannun jingina, da ɗan kabu-kabun da aka riƙe wa babur, da ɗan kasuwar Dole da wisiye, wato ma'aikacin da ke aiwatar da hukuncin kotu, ya zo ya rubuta kayan shagonsa, damuwarsu guda ce: yaya za a kashe maganar nan ba tare da dukiyar ta tafi ɗungurungum ba? Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda nake ta ji ana maimaitawa a zaurukan masu unguwa da bakin gidan shari'a na Zinder.

Me ake nufi da sulhun da kotu ta amince da shi?

Ku biyu ne za ku daidaita da bakinku: nawa za a biya, yaushe, wane kaya za a saki, wane za a sayar. Sai a rubuta, ku sa hannu, a kai wa alƙali. In ya duba ya sa hatimin zartarwa, takardar ta zama daidai da hukunci wajen ƙarfi. Wanda ya saɓa, ba sai an koma an faro shari'a daga tushe ba, wisiye ne zai ɗauki takardar ya aiwatar.

Bambancinsa da hukunci shi ne ba wanda aka kayar. Hausawa na cewa shari'a mace ce da ciki, ba a san abin da za ta haifa ba. A sulhu kuwa ka san abin da za ka rasa da abin da zai rage maka tun kafin ka dangwala yatsa.

Kowace irin ƙwacewa ce ake iya sulhu a kanta?

A'a. Akwai wadda ta taso daga bashi tsakanin mutane, ko tsakanin mutum da banki ko asusun bada rance. Wannan ƙofar sulhu a buɗe take tun daga farko har ranar gwanjo. Akwai kayan da hukuma ta kama, kamar duwan, wato kwastan, ko ma'aikatan gandun daji, inda doka ta ba hukumar kanta damar daidaitawa da mai kaya bisa ƙa'idojinta. Sannan akwai ƙwacewar da alƙali ya yanke a matsayin horo kan laifi. Wannan ta ƙarshe ba ta mutum biyu ba ce balle su yafe wa juna. Duba tambayar duwan da ta jandarma a ƙasa.

Mai gari ya sulhunta mu, mun yi musabaha, an shafa Fatiha. Me zai kai mu kotu kuma?

Abin da mai gari ya yi daidai ne, doka ma da kanta ta aike ku wurinsa. Dokar tsarin karkara ta 2 ga Maris 1993 ta ce rikicin gona ko makiyaya sai an fara gwada sulhu a gaban sarakunan gargajiya kafin a shiga kotu. Dokar sarakuna ta 2015 kuma ta tabbatar musu da ikon sulhunta mutane, daga mai unguwa da mai gari har zuwa fadar Sarkin Damagaram. Amma ikon sulhu ne, ba na yanke hukunci ba. Abin da dokar ta ɗora wa basarake shi ne ya rubuta takardar sulhu idan an daidaita, ko takardar rashin sulhu idan an kasa, ya shigar a rajista. Takardar da ɓangarorin biyu suka sa wa hannu, kowannensu na iya kai ta kotu a sa mata hatimin zartarwa.

A nan mafi yawanmu muke tsayawa, kuma a nan ake cin mu. Mutum yana jin kunyar ya ce a rubuta, kada a ce bai yarda da dattawa ba. To dattawan nan mutuwa suke yi, mai gari ma ana naɗa wani. Shekara goma sha biyar gaba, ɗan wanda kuka yi musabaha da shi zai ce shi bai san zancen ba, kuma wataƙila da gaskiyarsa. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce a rubuta bashi a kafa shaidu. Wanda ya ce a rubuta bai raina kowa ba.

Na ba da jinginar gonata, muka yi da shi in ban biya ranar kaza ba ta zama tasa. Ranar ta wuce. Shi ke nan na rasa ta?

Wannan sharaɗin ba ya tsayuwa a addini. A Muwaɗɗa akwai hadisin da ke cewa jingina ba ta kulluwa, kuma Imam Malik ya fassara shi da irin wannan magana taka sak: mutum ya ajiye abin da ya fi bashin daraja, a ce in bai kawo kuɗi a kan lokaci ba abin ya zama na mai bin bashi. Ya ce wannan bai halatta ba, ko bayan wa'adi mai kaya ya kawo kuɗin, kayansa nasa ne. Gonar da ba ta da titir fonsiye, wato takardar mallaka ta hukuma, kuwa, kotunan Nijar da al'adar masu shari'ar suke hukunci a kanta, alƙali yana zama da masu ba shi shawara kan al'ada, waɗanda a ƙasar Damagaram galibi malamai ne. Saboda haka kana da abin faɗa.

Wahalar ita ce tabbatar da cewa jingina ce, ba saye ba. Mahaifinmu ya ba da jinginar gona a yunwar 1984, wadda ake ce wa El Buhari, a kan ƴan buhunan hatsi. Ba takarda, shaidu uku ne kawai. Da muka tashi fansa duk sun riga mu gidan gaskiya, magadan wancan gidan suka ce mahaifinsu saye ya yi. Ba mu da abin nunawa, gonar tana hannunsu har yau. Abin da ya fi ci mini rai shi ne daga baya an samu hanya: hukumar filaye da ake kira COFO, wadda Mirriya na cikin wuraren da aka fara kafa ta a 1994, tana bada takardar jinginar gona tun daga matakin ƙauye. Da mun je tun dattawan nan na raye, da an rubuta.

In za ku zauna sulhu, a fara da ƙiyasta gonar da farashin yau. Misali bashi jika 400 ne, wato sefa 400.000, gona ta kai miliyan ɗaya da rabi. Ko a ba ka wa'adi ka fanshe ta bayan kaka, ko a yanki gwargwadon bashin a bar maka saura, ko a sayar ya ɗauki jika 400 ya miƙo maka ragowar. Kada ka ji nauyin kawo maganar damunan da ya noma ta. Malamai da yawa suna ganin cin amfanin gonar jingina a kan rance riba ce, kuma wannan hujja ce ta neman ragi.

Gidana ne na ba banki jingina. Zai iya mayar da shi nasa kai tsaye?

Nan ba al'ada ke aiki ba, dokokin OHADA ne, ƙungiyar daidaita dokokin kasuwanci ta ƙasashe 17 da aka kafa da yarjejeniyar Port-Louis a 1993, Nijar na ciki. Dokarta ta jingina da aka sabunta a 2010 ta yarda a rubuta cewa mai bin bashi zai mallaki abin da aka jinginar, amma da iyaka: sai in mai jinginar kamfani ne ko ɗan kasuwa mai rajista, kuma ginin ba na kwana ba ne. Alƙali ma ba zai mallaka wa banki gidan da kake zaune da iyalinka a madadin bashi ba. Inda aka halatta mallakar, dole masani ya ƙiyasta ginin, abin da ya haura bashin a biya ka.

Kada wannan ya sa ka saki jiki. Banki na iya neman a yi gwanjon gidan ta hanyar kotu. Yana farawa da takardar gargaɗi mai ba ka kwana 20 ka biya. Gwanjo kuwa ba kasafai yake kawo kuɗin da gida ya cancanta ba, ga kuɗin wisiye da na shari'a duk a wuyanka. Shi ya sa nake ganin wanda ya tabbatar ba zai iya biya ba, gara ya nemi sulhu a ba shi watanni ya samo mai saye da kansa.

Wisiye ya riga ya zo ya rubuta kayan shagona. Lokacin sulhu ya wuce?

Bai wuce ba. Fara da duba ko an bi ƙa'ida. Kafin a kama kaya don sayarwa, sai mai bin bashi yana da takardar zartarwa, kuma an ba ka gargaɗin aƙalla kwana 8. Ba a fara kamu kafin ƙarfe 8 na safe ko bayan 6 na yamma, ba a yi ranar Lahadi ko ranar hutu, sai da izinin alƙali na musamman. Mai bin bashin da ya zo da ƙattai ya kwashi kaya da kansa, wannan ba kamu ba ne, laifi ya yi.

Bayan an rubuta kayan kana da wata guda ka sayar da su da kanka, da sanin wisiye, kuɗin su shiga hannunsa. A cikin watan nan ne sulhu ya fi sauƙi, domin shi ma mai bin bashi ya san abin da gwanjo ke haifarwa. Kana kuma iya roƙon alƙali ya jinkirta maka biya ko ya rarraba shi, har zuwa shekara guda, in ban da irin kuɗin ciyar da iyali. Abu ɗaya kada ka kuskura: kayan da aka rubuta ko suna cikin shagonka amana ce a hannunka. Ka ɓoye su ko ka kai su gidan ƙaninka, ka mayar da maganar bashi ta zama ta kaso.

Bashin maigidana ne, amma an rubuta har da gadona da kwanukana. Ina mafita?

Hajiya, kayan ɗakinki naki ne, ba a biyan bashin miji da su sai in kin tsaya masa a rubuce. Ki shigar da buƙata gaban alƙali a cire kayanki daga cikin kamun, ki kawo rasit ko waɗanda suka yi jere su shaida. Ki gaggauta, domin da zarar an yi gwanjo wannan ƙofar ta rufe. Kuma maigida ba shi da ikon saka kayanki cikin sulhu ba da sa hannunki ba.

Haka gidan gado da ba a raba ba. Mai bin ɗaya daga cikin magada bashi ba zai sayar da kasonsa ba sai an yi rabo, ko da yake yana iya neman kotu ta sa a raba. In akwai marayu ƙanana, a bayyana wa alƙali tun farko, waliyyinsu ya zauna a madadinsu. Sulhun da yaya babba ya sa wa hannu shi kaɗai a kan gidan mutum tara, rigima ce aka ajiye wa gobe.

Me da me ya kamata takardar sulhun ta ƙunsa?

Cikakken sunan kowa kamar yadda yake a katin ɗan ƙasa. Asalin bashin, abin da aka riga aka biya, da abin da ya rage, a lamba da kuma a harafi. A rubuta da sefa ƙarara, domin mu da dala, wato faran biyar, muke lissafi a baki, takarda kuma da faran take magana: wanda ya ce dubu ashirin yana nufin jika ɗari, marubuci ya sa 20.000, an riga an shuka fitina. In cinikin da naira aka yi shi, kamar yadda ake yi a Magarya da Matamaye, a faɗi canjin da aka tsayar. A bayyana dukiyar yadda baƙo zai gane ta: gona da maƙwabtanta gabas da yamma, kudu da arewa, babur da lambar shasi, fili da lambar takardarsa.

Sai ranakun biya. “Bayan kaka” ba rana ba ce, a sa wata da kwanan wata. A faɗi abin da zai faru in an makara sau ɗaya, da wanda zai biya kuɗin wisiye. Abin da aka fi mantawa shi ne sakin kaya: a rubuta ranar da za a ɗage kamun, a mayar da asalin takardar gida, a soke jinginar a rajista. Akwai masu gama biya tsaf, sai sun tashi sayar da gida su tarar har yanzu sunan banki na kansa.

Takardar da Faransanci za a rubuta ta. Ka zo da naka mutumin da ya iya karatu, ya fassara maka layi-layi kafin ka sa hannu, ban da tafintan abokin shari'arka.

Alƙali zai iya canza abin da muka daidaita, ko ya ƙi shi?

Ba aikinsa ba ne ya sake muku ciniki. In ta hannun mai shiga tsakani kuka daidaita, dokar OHADA ta sasantawa da aka amince da ita a Konakiri a 2017 ta ce alƙali ya tabbatar da sahihancin takardar kawai, ba zai taɓa sharuɗɗanta ba, kuma yana da kwanakin aiki 15. In suka wuce bai ce komai ba, ana ɗaukar ta amintacciya. Kuna kuma iya ajiye ta wurin notar, jami'in da ke tabbatar da takardun yarjejeniya, idan ku biyu kun yarda. Amma zai ƙi abin da ya ci karo da doka, kamar sulhu a kan burtali ko makiyaya, waɗanda ba mallakin ɗayanku ba ne. Ma'aunin addini ma haka yake: sulhu ya halatta tsakanin Musulmi, sai wanda ya halatta haram ko ya haramta halal.

In kuma shari'ar tana gaban alƙali kuka daidaita, ku gaya masa a zaman kotu. Takardar sulhun da shi da ku kuka sa wa hannu tana cikin takardun zartarwa da doka ta lissafa.

Duwan sun kama mini kaya a hanyar Ɗan Barto. Da wa zan yi sulhu?

Da hukumar duwan, ba da ma'aikacin da ya tare ka ba. Dokar duwan ta san daidaitawa: ka amsa laifin, ka biya haraji da tarar da aka tsayar, a sakar maka kaya ko mota, ko ka bar wani ɓangare. In an yi ta kafin hukuncin ƙarshe tana kashe ƙarar, bayan hukunci kuwa ba ta goge ɗauri. Alamar ta gaskiya ita ce takarda mai sa hannu da kitansi, wato rasit, na baitulmali. Abin da aka miƙa a gefen hanya ba kitansi, ba sulhu ba ne, kuma gobe ana iya sake kama kayan a Takeita ko Tanut ba ka da abin nunawa. Karanta da kyau ko motar tana cikin abin da za a saki, domin kama abin da aka ɗauko kaya da shi daban yake da kama kayan. Haramtattun kaya irin su ƙwaya da makamai ba sa dawowa ta kowace hanya.

Babur ɗina yana hannun jandarma, kuma mun shirya da wanda ya kai ƙara. Me ya hana a ba ni?

Shirin da kuka yi ya kashe haƙƙinsa ne kawai, wato diyya. Dokar farar hula ta faɗi a sarari cewa sulhu kan diyya ba ya hana gwamnati bin laifin. Babur ɗin yana matsayin shaida, mai gabatar da ƙara na gwamnati ko alƙalin da shari'ar ke hannunsa ne zai bada izinin saki. Rubuta buƙata, haɗa da takardun babur da takardar shirin naku. In kai ne mai shi amma yaronka ne ya yi laifin da shi, ka bayyana tun kafin hukunci.

Shanuna sun yi ɓarna, mai gona ya riƙe su ya ce sun zama nasa.

Ba su zama ba. Haƙƙinsa diyyar abin da aka ɓata ne, bayan an je gonar an ƙiyasta. Dokar kiwo ta 2010 ta tanadi a fara sulhu a gaban kwamitin da manoma da makiyaya ke da wakilai daidai, ƙarƙashin basarake. Furiya, wurin tsare dabbobin da aka kama, ta hukuma ce, ba turken wani ba. A rubuta adadin dabbobin da diyyar da ranar saki, sannan a bi hanyar hatimi da aka bayyana a tambayar mai gari.

An sa hatimi, amma ya ƙi cikawa.

Karɓi kwafin zartarwa a ofishin magatakardan kotu ka kai wa wisiye. Wannan na kowane ɓangare ne: mai bin bashin da ya karɓi kuɗi ya ƙi sakin takardar gida, shi ma ana tilasta shi. Ajiye rasit na kowane biya, ko ta waya ka tura kuɗin.

Na sa hannu, daga baya na gane an cuce ni. Zan iya ɗaukaka ƙara?

Kotun ɗaukaka ƙara tana nan Zinder, amma sulhu ba hukunci ba ne da za ka ce alƙali ya yi kuskure. A doka yana da ƙarfin hukuncin ƙarshe tsakaninku, kuma “na yi arha” ba hujja ba ce. Ana rushe shi ne idan ka tabbatar an yaudare ka, ko an tilasta ka, ko an yi kuskure a kan mutumin ko abin da ake rigima a kai, ko takardun da aka dogara da su na jabu ne. Kuskuren lissafi gyara shi ake yi kawai. Wanda aka tsare aka ce ba zai fita ba sai ya sa hannu ya bar gidansa, yana da magana, sai dai nauyin kawo shaida a kansa yake. Don haka tambayar abin da takarda za ta ƙunsa ta fi wannan amfani.

Ba ni da kuɗin lauya. Ina zan dosa?

Sulhu a gaban basarake da neman hatimi ba sa bukatar lauya, kuɗin tambur da na rajista ne, kuma ka nemi rasit. Akwai hukumar ANAJJ da aka kafa da dokar 2011 don taimakon marasa ƙarfi a harkar shari'a, tana da ofishi a babbar kotun Zinder, shawara kyauta ce. Wanda ke Gure, Tanut, Mirriya, Magarya ko Matamaye ya fara da kotun garinsa da sakataren COFO. Amma in maganar gida mai titir ce da banki, a nan kam ka nemi lauya ko da rance ne, kuma ka je da takardar gargaɗin tun kwana 20 ɗin ba su cika ba.